Tambaya da Amsa: Musun Fim a Alaba Rago

TAMBAYA

 Malam, ina rubuto maka ne daga Alaba Rago a ƙaramar hukumar Ojo ta Jihar Legas, inda nake sana'ar tumaki da raguna. Ni mutumin ƙasar Katsina ne, amma zama ya kama ni a nan har na yi iyali, yarana duk a nan aka haife su.

Kullum bayan sallar isha'i muna da majalisa a teburin mai shayi. Wani zai jingina wayarsa a jikin gwangwanin madara, mu haɗa kai muna kallon Labarina ko Izzar So, in an gama sai musu ya tashi. Abu uku ne nake so ka warware mini.

Na farko, ina da maƙwabci Ibo mai shagon kayan lantarki a babbar kasuwar Alaba. Mutumin kirki ne, muna mutunci. Amma duk ranar da ya tarar muna kallo sai ya yi dariya ya ce fim ɗin Hausa ba fim ba ne, Indiya ce aka sa wa hula, kuma wai daga Legas 'yan Kano suka koyi sana'ar. Abin yana yi mini ciwo, ga shi ba ni da amsar ba shi.

Na biyu, majalisarmu ta rabu gida biyu, 'yan Ali Nuhu da 'yan Adam A. Zango. Ni ɗan Zango ne. Har an kai wasu sun yi kwanaki ba sa gaisawa. Tsakani da Allah, wa ya fi iya fim a cikinsu?

Na uku shi ya fi damuna. Yarana ba sa son fim ɗin Hausa. In na kunna sai su zame ɗaya bayan ɗaya. Na Yarbawa suke so, da na Turanci na 'yan Kudu. Babbar 'yata ta ce wai mutanen cikin fim ɗinmu ba su yi kama da kowa da ta sani ba. In tilasta musu ne, ko in ƙyale su?

Allah ya ƙara basira.

Mai karatunka a kullum, Alaba Rago, Ojo, Legas.

AMSA

 Ɗan'uwa, na gode da wasiƙarka, Allah ya ba da kasuwa, ya raya zuri'a. Zan bi tambayoyin yadda ka jero su, amma tun yanzu ina gaya maka cewa a cikin duk mutanen da ka ambata, 'yarka ce ta faɗi maganar da ta fi nauyi.

Mu fara da maƙwabcinka. Maganarsa biyu ce, ɗaya ba ta da tushe, ɗaya kuma akwai gaskiya a cikinta. Cewa daga Legas Kano ta koyi fim, tarihi bai yarda da wannan ba. Fim ɗin bidiyo na Hausa da aka fara kai wa kasuwa shi ne Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, Salisu Galadanci ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari yana cikin 'yan wasa. Living in Bondage kuwa, fim ɗin harshen Ibo na Kenneth Nnebue wanda 'yan Kudu ke ƙirga bunƙasar kasuwarsu daga kansa, sai a 1992 ya fito. Ko sunan Kannywood ma ya riga na Nollywood zuwa duniya: mujallar Tauraruwa ta Kano ta buga shi a 1999, na Legas sai a 2002 ya bayyana a wata jaridar Amurka. Kafin duk wannan, Adamu Halilu ya mai da littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Balewa fim ɗin sinima a 1976, kuma gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Jos sun yi shekara da shekaru suna nuna su Samanja da Kasimu Yero da Karkuzu. Daga wannan gida 'yan fim ɗinmu na farko suka fito, da kuma ƙungiyoyin marubuta littattafan soyayya, inda Ado Ahmad Gidan Dabino ya ɗauki In Da So Da Ƙauna daga takarda ya mai da shi kaset. Sai dai kada ka je ka ce masa mu muka koya musu. Yarbawa suna yawon wasan kwaikwayo gari-gari tun zamanin Hubert Ogunde a shekarun 1940, kuma sun taɓa bidiyo tun ƙarshen shekarun 1980. Kowa da ƙafarsa ya tashi. Kyamarar bidiyo ce ta yi arha, ta faɗo hannun kowa kusan lokaci guda.

Batun Indiya kuwa, kada ka ɓata bakinka wajen musu, ka amsa masa kawai. Tun wajen shekarun 1960 Kwarori masu gidajen sinima suke shigo da finafinan Indiya Arewa, iyayenmu da yayyenmu suka cika Plaza da Marhaba da El Dorado da Wapa a Kano suna kallo ba tare da sun ji ko kalma ɗaya ba. Har laƙabi suka raɗa wa jaruman, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Dalilin wannan ƙauna ba ɓoyayye ba ne. Bahaushe ya ga auren dole, ya ga ɗa yana durƙusa wa uwa, ya ga talaka yana son 'yar mai kuɗi ana yi masa korar kare, ya ga mace da mayafi, sai ya ji abin ya fi kusa da gidansu a kan fim ɗin kaboyi na Amurka. Yaran da suka tashi da wannan kallo su ne suka riƙe kyamara daga baya, kuma wasunsu ba su tsaya ga ɗaukar salo ba, labarin suka kwashe ɗungurungum. Khusufi na Ali Nuhu, alal misali, daga Taal aka ciro shi. Aro ba abin kunya ba ne a wannan sana'a, Indiyawan su ma kwasa suke daga Amurka. Abin kunyar shi ne ka aro labari ka kasa zaunar da shi a garinku, har mai kallo ya ga Bahaushe yana yin abin da ba a taɓa ganin Bahaushe ya yi ba.

Ita kanta waƙa a cikin labari ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tatsuniya tana da waƙa a tsakiyarta, 'yan mata suna gaɗa a dandali, yara suna tashe da azumi. Baƙon abin shi ne saurayi da budurwa a bakin ruwan Tiga suna zagaya bishiya, suna canza kaya sau biyar kafin baiti uku ya ƙare. Kuma kuɗi ne ya ɗaure wa wannan gindi. Bayan Sangaya na kamfanin Sarauniya ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba a 1999, 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata suka gane cewa waƙa ce ke sayar da fim. Ita ake sakawa a talla, ita yara ke rerawa a lungu kafin fim ya fito. Sai aka wayi gari furodusa yana fara zuwa situdiyo a buga masa waƙoƙi da fiyano, daga baya a nemi labarin da za a rataya su a jiki. Wanda ya kawo fim ba waƙa, ɗan kasuwa ya ce ya koma ya sako.

Amma maƙwabcin naka yana yi wa fim ɗin shekaru goma sha biyar da suka wuce dariya ne. Kasuwar faifai ta mutu, masu tura fim a waya suka ƙarasa ta. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta kawo Daɗin Kowa a 2015 da Kwana Casa'in a 2019, babu mai zagaya bishiya a cikinsu. A 2020 Aminu Saira ya fito da Labarina, Lawan Ahmad ya fito da Izzar So a YouTube, harkar gaba ɗaya ta koma fim mai dogon zango. In kuma dariyar tasa ta yi yawa, ka tuna masa cikin raha cewa kasuwar da yake da shago a ciki ta yi ƙaurin suna wajen buga faifan jabu, 'yan fim na Legas ɗin da yake alfahari da su sun daɗe suna kuka da ita.

Inda zai kama mu a yau wani wuri ne daban. Shi ba ya jin Hausa, rubutun Turancin da ake sakawa a ƙasan hoto shi ne fim ɗin a wurinsa, kuma sau da yawa wannan rubutu abin takaici ne. Dattijo zai yi magana mai hikima da karin magana, a ƙasa a rubuta abin da ɗan firamare zai ji kunyarsa. Furodusa zai kashe kuɗi wajen hayar gida da motoci, ya ba wa mai fassara abin da bai taka kara ya karya ba. Sai sauti, wanda har yanzu wani lokacin za ka ji ƙarar janareta tana gasa da muryar jarumi. Sai kuma jari. A Tribe Called Judah na Funke Akindele, wanda ya fito a Disambar 2023, shi ne fim ɗin Nijeriya na farko da ya haura naira biliyan ɗaya a sinima. Legas tana da gidajen sinima na zamani birjik, Arewa kuwa da yatsu za ka ƙirga su. Lokacin da gwamnatin tarayya ta so gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙasar Bebeji a 2016, surutu ya yi yawa har aka janye. Wanda yake aiki a irin wannan yanayi ya kuma fitar da abin da ake kallo daga Agadas har Kumasi har Jidda, bai cancanci a raina shi ba.

To, mu zo ga rigimar majalisa. Da farko dai ku koma ku gaisa. Su mutanen biyun sun sha saɓawa sun sha shiryawa, suna fitowa fim tare, ku kuma da ko lambar wayarku ba su da ita kuna gaba.

Ali Nuhu an haife shi a Maiduguri a 1974, ya tashi a Kano, ya yi karatu a Jami'ar Jos. Sangaya ne ya ɗaga shi, ya kafa kamfanin FKD, kuma babu wanda ya kai shi fito da sababbin fuskoki: marigayi Ahmad S. Nuhu, Nafisa Abdullahi a Sai Wata Rana, Rahama Sadau, sannan Maryam Yahaya a Mansoor na 2017. Shi ne ya fara ƙetarawa Kudu ya zauna da gindinsa, ya sami kyautar finafinan Afirka ta AMAA da Sitanda na Izu Ojukwu, kuma a Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya mai hedikwata a Jos. Adam Zango ta ƙofar kiɗa ya shigo, makaɗi ne kuma ɗan rawa kafin ya zama jarumi, kuma wannan yana nan a jikinsa har gobe: ya san lokacin da zai motsa, ya san lokacin da zai tsaya cak. Basaja da Gwaska sun nuna zai iya barin soyayya ya riƙe wani abu daban.

Ga ra'ayina, ba wahayi ba ne. In baiwa ake magana, wadda Allah ke ba mutum ba tare da ya je makaranta ba, Adamu ya fi. Fuskarsa tana canzawa, in ya yi baƙin ciki kana gani a idonsa kafin ya buɗe baki. Matsalarsa ita ce in shi ne mai fim ɗin, kowa a ciki sai ya zama an kawo shi ne don ya yabi jarumi, ba a cin galabarsa, ba ya kuskure, mai kallo kuma ya daina jin tsoron abin da zai same shi. Yana bukatar darakta mai iya ce masa a sake. Ali kuwa ya yi shekaru yana maimaita saurayi guda ɗaya, kana kallo kana ganin Ali Nuhu, ba mutumin cikin labarin ba. Sai da ya fara fitowa a uba da attajiri da mugu sannan wasansa ya nuna. Amma wajen riƙe sana'a, da zuwa aiki a kan lokaci, da sanin abin da kyamara ke so, da daɗewa ana damawa da mutum fiye da shekara ashirin da biyar, ba a haɗa shi da kowa. Don haka in fim ɗaya za a yi, da labari mai kyau da darakta mai tsauri, Adamu zan ɗauka. In aikin rayuwa gaba ɗaya za a ɗora a sikeli, na Ali ya rinjaya. Na san wannan amsa ba za ta yi wa kowane ɓangare daɗi ba.

Kuma in ka tambaye ni wanda nake ajiye abin da nake yi don in kalla, ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Rabi'u Rikadawa ne. Dubi Baba Ɗan Audu a Labarina: yadda yake sassauta murya in zai yi ƙarya, yadda idonsa ke bin aljihun mutum bakinsa kuma yana ambaton Allah, yadda yake fusata da gangan in an kusa gano shi. Babu unguwar da ba ta da irin wannan dattijo, shi ya sa kake jin haushinsa kana kuma dariya. Sadiq Sani Sadiq ma haka, mutumin da ya yi Mati, ɗan ƙauye mai wayon tsiya, shi ne kuma ya dawo ya yi Mainasara a Labarina, attajiri mai sanyin magana, ka rantse ba mutum ɗaya ba ne. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, Daso, wadda ta rasu a Afrilun 2024, ta iya muguwar uwar miji har mata suna tsine mata a gaban talabijin. Shi kuwa Rabilu Musa Ɗan Ibro, tun rasuwarsa a Disambar 2014 ba a sami wanda ya zauna a gurbinsa ba, don shi ba wauta kawai yake yi ba, talaka yake nunawa yana ƙoƙarin tsira da dabara a duniyar da ta fi ƙarfinsa.

Kai mai sayar da rago ne, ka san masu saye iri biyu ne. Akwai wanda ƙaho da tsayi ke ruɗa, akwai wanda zai kai hannu ya latsa gadon baya ya ji ko akwai nama. Jarumi shi ne ƙahon. Naman yana wurin marubuci da darakta, mutanen da majalisarku ba ta taɓa yin musu a kansu ba. In Daɗin Kowa ya burge ka, ka nemi sunan irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman, waɗanda suka zauna suka ƙago gari guda da mai shayinsa da malamin tsangayarsa da Kamaye da Adamarsa. In farkon Labarina ya hana ka barci, Ibrahim Birniwa ne ya rubuta, Aminu Saira ya san inda zai ajiye kyamara da inda zai yanke. Salisu T. Balarabe ya nuna a Kwana Casa'in cewa za a iya yin fim ɗin siyasa da Hausa, a ƙirƙiri jihar Alfawa, a sa Sani Mu'azu ya zama Bawa Maikada, kowa ya gane gwamnan da ake nufi ba tare da an kama suna ba. Falalu Ɗorayi kuma ya tara 'ya'ya masu jiran gado a Gidan Badamasi ya fitar da barkwancin da iyali za su kalla tare.

Su ma daraktocin ina da ƙorafi a kansu. Tunda kuɗin ya koma na tallar YouTube, tsawo ya zama riba. Labarin da zai ƙare a zango biyu sai a ja shi zuwa goma. A kwashe mintuna ana nuna mota tana shiga gida, maigadi yana rufe ƙofa, Alhaji yana hawa bene, a gaisa, a tambayi gajiya, a tambayi yara, kafin a faɗi jimla ɗaya da ta ciyar da labari gaba. Ana tsakiyar kuka kuma sai a yanke a sako tallar maganin basir. Kai da kake sayen data da kuɗin guminka ka fi kowa sanin zafin wannan.

Yanzu ga maganar 'yarka. Ta ce mutanen fim ɗin ba su yi kama da kowa da ta sani ba. Ka zauna ka kalli yawancin finafinanmu da idonta. Falo ne mai faɗin masallacin unguwa, kujeru masu ruwan zinare, Hajiya ta tashi daga barci da jan baki da ɗauri, Alhaji yana karin kumallo da babbar riga, ba a taɓa nuna sana'ar da yake yi ba, an dai ce ya tafi ofis. Matsalar gidan kuma ɗaya ce: wa zai auri wa. Ita kuwa yarinyar nan ta tashi tana jin Hausa a ɗaki, Yarbanci a makaranta, Turancin buroka a kasuwa. Ta san cunkoson Iyana Iba, ta san ihun kwandastan danfo, ta san ruwan sama da ke shiga ɗaki, ta san tirelar dabbobi da ke isowa da asuba bayan kwana biyu a hanya. In ta kunna fim ɗin Yarbawa, ko ba komai za ta ga titin da ta sani da irin maganar ƙawayenta. Ba Hausa ta ƙi ba. Ba ta ga kanta ba ne.

A finafinan Kano, Legas wuri ne da ake tura mutum in marubuci yana so ya ɓatar da shi na ɗan lokaci. Zai tafi Ikko, sai a gan shi ya dawo da mota ko ya dawo a lalace, abin da ya faru a tsakani ba a nunawa. A finafinan Kudu kuma an daɗe ana ajiye Bahaushe a bakin ƙofa, maigadi da rediyo a kunne da gurɓataccen Turanci, an kawo shi ne don a yi dariya. An sami waɗanda suka fita daga wannan layi. Kunle Afolayan ya ba marigayi Sadiq Daba babban matsayi a October 1 na 2014, sufeton 'yan sanda Danladi Waziri da aka tura ƙasar Yarbawa binciken kisan kai ana gab da samun 'yancin kai, har ya ci kyautar AMAA da shi. Genevieve Nnaji ta sa Sani Mu'azu da Yakubu Muhammad a Lionheart a matsayin attajiran sufuri masu mutunci. Funke Akindele ta sa Uzee Usman ya zama ɗaya daga cikin 'ya'ya biyar na uwa ɗaya. Amma duk waɗannan Bahaushe baƙo ne da ya shigo labarin wasu.

Alhali kuwa labari yana nan jibge a inda kuke. Hausawa suna Legas tun kafin a haɗa Nijeriya. Rundunar da Gwamna Glover ya kafa a 1863, wadda sojan ƙasar nan ke ƙirga asalinsa daga gare ta, da Hausawa aka fara ta. Cinikin goro da jirgin ƙasa sun zaunar da zuri'o'i a Agege, har akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka binne cibiyarsu, in sun je Arewa a ce musu Yarbawa, in suna Legas a ce musu baƙi. Ga Idi-Araba da rikicin da ya ɓarke a can a Fabrairun 2002, ga Mile 12 da rikicinta na 1999 da na 2016, da maƙwabtan da suka ɓoye juna a ɗaki lokacin da gari ya rikice. Ga ɗan acaɓa da ya baro ƙauye saboda 'yan bindiga, ya ci bashi ya sayi babur, aka hana hawa a manyan unguwanni a 2022. Ga dillalin raguna da ya zuba duk jarinsa ana saura mako guda sallah, yana lissafin kuɗin mota da na shingayen hanya da dabbar da ta mutu a tirela. Ga auren Bahaushe da Bayarbiya, da surukai biyu da ba sa jin yaren juna. Kai kanka da maƙwabcin nan naka da kuke tsokanar juna kuna kuma mutunci, kun isa zango guda.

Me ya hana a yi? Kuɗi na ciki, don ɗaukar fim a Legas ya fi na Kano tsada nesa ba kusa ba, ga 'yan unguwa da za su tsaya a kan kyamara sai an sallame su. Tsoro ma na ciki. Kano tana da hukumar tace finafinai tun 2001, kuma 'yan fim ba su manta da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ba, wanda ya yi Tsintsiya a kan rikicin ƙabilanci da na addini, aka ɗaure shi a ƙarshen 2008 bisa zargin saɓa dokokin hukumar. Wanda ya ga haka zai ga labarin kishiya ya fi kwanciyar hankali. Amma babban dalili a ganina shi ne marubutan suna Kano da Kaduna da Jos, abin da suka sani suke rubutawa. Wanda zai rubuta Agege sai ɗan Agege. Ga Jami'ar Jihar Legas nan a Ojo, kusa da ku, ana koyar da wasan kwaikwayo da aikin jarida a ciki. 'Yan kasuwa ne suka ɗauki nauyin finafinan Kano na farko, ba gwamnati ba, kuma Alaba Rago da Mile 12 ba su rasa masu hali.

Don haka kada ka tilasta wa yara. In ka mai da fim ɗin Hausa horo, ranar da suka fi ƙarfinka ba za su sake waiwayarsa ba. Ka zaɓa musu, ka kuma zauna tare da su. Fara da Gidan Badamasi, don dariya ba ta bukatar dogon bayani. Ka bi da Daɗin Kowa, inda za su ga talakawa masu sana'a, da Kirista da Musulmi a gari ɗaya, abin da ya fi kama da zamansu. In an yi karin maganar da ba su gane ba, ka dakatar ka fassara musu, ka gaya musu yadda ake faɗinta a garinku. Kai ma in sun kunna nasu, ka zauna ka kalla, ka bari su yi maka tafinta. A nan ne za ka san abin da suke gani, ka kuma sami bakin cewa wannan bai dace ba ba tare da an ga ka zo da sanda ba. Ita babbar kuwa, tunda tana da ido, ka ce ta rubuta maka labarin gidanku na shafi biyu da Hausa, ka ga abin da za ta kawo.

Shi kuma maƙwabcinka, ka gayyace shi shayi ka nuna masa Mati a Zazzau na Yaseen Auwal, wanda ya shiga Netflix, ko Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, wanda Nijeriya ta tura gasar Oscar a 2024, Adam Zangonka ma yana ciki. Ka gaya masa kafin shi an tura The Milkmaid a 2020, shi ma da Hausa aka yi yawancinsa, kuma Maryam Booth ta ci kyautar AMAA da shi. In za ku kalli masu dogon zango, ku kalla a tashar masu fim ɗin ta YouTube maimakon wurin mai turawa, don ta nan ne kawai ɗan abin da kuka kashe yake isa hannun waɗanda suka yi aikin. Ka gaishe mini da 'yan majalisa, na Ali da na Adamu duka.